Yadda Ake Zubin Akwatin Lasifika Wanda Ba Ya Ɓata Sauti

An sha tambayata yadda ake zubin akwatin lasifika. Wani ya ga lasifikan ɗakin naɗar sauti masu jikin alminiyum, wani ya ga na kankare, sai sha'awa ta kama shi ya yi nasa. Wasu kuma sun riga sun gwada, sai sautin ya fito musu da wani amo kamar ana magana a cikin bokitin ƙarfe, suka rasa inda matsalar take.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: a cikin lasifika, faifan nan mai motsi gaba da baya shi kaɗai ke da izinin yin magana. Akwati aikinsa shiru. Duk lokacin da faifan ya motsa, yana matse iskar cikin akwatin, firam ɗinsa kuma yana harbin bangon gaba. Faɗin bangwayen akwati gaba ɗaya ya ninka na faifan sau da yawa, don haka ko ɗan karkarwa suka yi kunne zai ji. Abin da ka zuba da yadda ka zuba shi su ne za su sa bangon ya yi shiru ko ya riƙa tsoma baki a cikin kiɗa. Ga matakan a jere.

1. Sayi lasifikar tukuna

Kada ka zana komai kafin lasifikar, wato faifan da firam da maganaɗisun da za a ɗaura a akwatin, ta zo hannunka. Katako idan ka yi kuskure kana iya yanka ka ƙara, zubi kuwa in ya daskare ya daskare. Kamfanin da ya ƙera lasifikar yakan ba da takarda mai lambobi uku da ake lissafin girman akwati da su, wato Fs da Qts da Vas, wani lokaci ma ya faɗi lita nawa ya kamata cikin akwatin ya zama. Akwai manhajoji na kyauta da za ka saka lambobin su fitar maka da girman. A aikinka na farko ka yi rufaffen akwati marar bututun iska, domin ya fi yafe kuskure.

Ka juya lasifikar ka dubi firam ɗinta. Iri biyu ne. Akwai na farantin ƙarfe da aka danne da inji ya ɗauki siffa, akwai na alminiyum na zubi. Na zubi ya fi tauri, ba ya lanƙwashewa idan an ɗaure noti, ƙafafunsa sirara ne don haka iskar bayan faifai tana wucewa ba tare da ta dawo ta buge shi ba, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma yana taimakawa wajen janye zafi. A ƙaramar lasifika mai ƙaramin maganaɗisu bambancin ba shi da yawa. A babba mai nauyin maganaɗisu, ni na zubi nake zaɓa.

Ka auna faɗin ramin da za ta zauna, da tazarar ramukan noti, da zurfinta, da hannunka. Kada ka dogara da hoton talla.

2. Zaɓi abin da za a zuba

A nan ne yawancin mutane ke ɓata. Suna ɗauka duk abu mai nauyi da tauri zai yi shiru. Ba haka ba ne. Halaye uku ake dubawa: nauyi, tauri, da saurin haɗiye girgiza. Na ukun shi ake mantawa da shi. Ƙararrawa tana da nauyi, tana da tauri, amma an yi ta ne da tagulla mai kusan kashi 80 na jan ƙarfe da kashi 20 na kuza don ta daɗe tana amo. Wannan shi ne ainihin abin da ba ka so.

Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, lita ɗaya tasa tana da nauyin kilo 2.7. Yana da tauri sosai idan aka kwatanta da nauyinsa, shi ya sa bango mai kaurin milimita 6 ya isa ƙaramin akwati, kuma akwatin ya fito ƙarami a waje alhali cikinsa da fili. Aibinsa amo. Ka rataye farantinsa ka ƙwanƙwasa, za ka ji ya daɗe yana kuka. Kamfanin Genelec na ƙasar Finlan yana yin jikin da yawa daga lasifikansa da alminiyum na zubi, amma dubi siffarsu: ko'ina a lanƙwashe, babu shimfiɗaɗɗen bango mai faɗi da zai samu damar rawa. Haka farantin injin juya faifan garmaho na Technics SL-1200, alminiyum ne na zubi, amma an manna masa roba a ƙasa don ta kashe amon. Ke nan ba a barin alminiyum tsirara.

Baƙin ƙarfen zubi mai launin toka ya fi alminiyum haɗiye girgiza nesa ba kusa ba, saboda ɓarɓashin gawayi masu kama da ɓawo da ke warwatse a jikinsa. Shi ake zuba gindin manyan injunan masana'anta da firam ɗin fiyano. Sai dai lita ɗaya kilo 7.2 ce, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 1,200 yake narkewa. Wannan ba aikin gida ba ne. Idan kana da gidan zubi da za su yi maka, ya fi dacewa da ƙafar ɗora lasifika ko gindinta.

Gaurayen tutiya da ake kira Zamak yana narkewa ƙasa da digiri 400, yana fitar da zane mai kyau, amma nauyinsa ya yi yawa ga akwati. Ƙananan sassa ake yi da shi.

Kankare lita ɗaya kilo 2.3 zuwa 2.4 ce. Yana da nauyi da tauri, ba ya buƙatar wuta, kayansa kuma su ne mafi araha. Sai dai ba kurma ba ne kamar yadda ake zato. Siririn bangon kankare yana yin wani amo mai kaifi kamar na tayil, kuma yana tsagewa. Dole a ba shi kauri, a kuma kashe amonsa daga ciki.

Sai gaurayen tsakuwa da yashi da ake haɗawa da gam ɗin ifoksi maimakon siminti. A cikin duk abin da mutum zai iya zubawa da hannunsa, wannan ne na fi jin shirunsa, domin gam ɗin da ke tsakanin ƙwayoyin dutse yana shanye girgiza. Ba ya shan ruwa, ba ya ƙanƙancewa sosai. Tsada ce matsalarsa.

Farar ƙasar gyaran silin, wadda ake kwaɓawa ta daskare nan take, kada ka yi akwati da ita. Tana da gautsi, ba ta riƙe noti.

Don ka ga bambancin nauyi: akwati mai lita 10 a ciki, idan kankare ne mai kaurin santimita 2 zai kai wajen kilo 15. Idan alminiyum ne mai milimita 6, bai cika kilo 5 ba. Ka tuna da inda za ka ɗora shi kafin ka zaɓa.

3. Zaɓi hanyar zubi

Zubin matsi shi ne na masana'anta. Ana tura narkakken ƙarfe da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe, ya fito sumul, bango siriri, haƙarƙari (wato tudun da ke ƙarfafa bango daga ciki) a jere, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Wannan daidaiton yana da amfani ga sauti, domin lasifikar hagu da ta dama za su yi hali ɗaya. Amma kuɗin ƙera mazubin ba ya fita sai an zuba dubbai. Ka cire shi daga lissafinka.

Zubin yashi shi ne na mai yin ɗaya ko biyu. Bangonsa ya fi kauri, fuskarsa tana fitowa da kaushi, kuma sai an gyara. Zubin kakin zuma, inda ake narkar da samfurin kaki a zuba ƙarfe a gurbinsa, yana ba da kyakkyawar fuska, amma ƙananan abubuwa ya fi dacewa da su, kamar bakin ƙahon ƙaramar lasifikar siririn sauti.

Zubin sanyi, wato kankare ko ifoksi, shi nake ba duk mai farawa shawara. Sauran matakan sun shafi zubin sanyi da zubin yashi.

4. Zana siffar

Zubi yana ba ka abin da katako ba ya bayarwa da sauƙi: lanƙwasa. Ka yi amfani da ita. Bango mai ɗan doro ya fi shimfiɗaɗɗe tauri ko da kaurinsu ɗaya, kamar yadda ɓawon ƙwai ke jure matsi. Gefunan fuskar akwati ma ka zagaye su, domin kaifin gefe yana tarwatsa sautin da ya bi fuskar ya dawo da shi kunne a makare.

Kauri yana da lissafi. Idan ka ninka kaurin bango sau biyu, taurinsa ga lanƙwasa yana ninkuwa sau takwas. Amma haƙarƙari ya fi araha: dogon tudu guda a cikin bango, wanda ya raba shi biyu, yana ɗaga muryar amon bangon fiye da ninki biyu, ya kai ta inda ta fi sauƙin kashewa. Kada ka sa haƙarƙarin a tsakiya cif. Ka ɗan gusa shi, don ɓangarorin biyu kada su yi amo da murya ɗaya.

Tsawo da faɗi da zurfin ciki kada su zo daidai. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna yakan tsaya yana kai da komo. Idan tazarar santimita 30 ce, wannan zai faru a wajen 570 Hz, wato girgiza sau 570 a daƙiƙa, daidai inda muryar mutum take. Idan duka ɓangarori uku santimita 30 ne, ka tara matsala uku a wuri ɗaya.

Gargaɗi: kaurin bango ya tafi bai ɗaya. Inda siriri ya haɗu da mai kauri kwatsam, nan kankare ke tsagewa, nan kuma alminiyum ke yin rami a ciki. Idan dole ne kauri ya canja, ya canja a hankali. Kusurwoyin ciki duka a cike su, kada a bar su da kaifi.

Ka ƙara wa girman cikin abin da maganaɗisu da haƙarƙari da kayan kashe amo za su cinye. Gara akwati ya ɗan fi girma, domin ana iya rage shi da ɗan katako a ciki, ƙarami kuwa ba shi da magani.

5. Tara kayan aiki

Na kowa: sikeli mai auna giram, ma'aunin kauri, falanki mai santsin fuska, sukurori, farin soson nan mai tauri da ake samu a kwalin kayan lantarki, man shafa wa mazubi, magagari, samfefa, injin huda, noti masu gidan da ake binnewa a cikin zubi na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko na farar tagulla, tabarau, safar hannu da takunkumin ƙura.

Na kankare: siminti, yashi mai tsabta, ƙananan tsakuwa, zaren gilashi mai jure siminti, ruwan sassauta kwaɓi.

Na alminiyum: akwatin yashi mai hawa biyu, yashi mai laushi, yumɓun bentonait, rariya, tukunyar narki, murhu, awartaki mai kama tukunyar sosai, ludayin kwashe datti, garkuwar fuska, tufafin fata ko auduga mai kauri, da takalmi rufaffe.

Game da kuɗi, siminti da yashi su ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Mazubi da lokacinka su ne masu cin kuɗi. A aikin ifoksi gam ɗin ne ke cinye kaso mafi girma. A aikin alminiyum kuwa, murhu da kayan kariya da makamashi, sannan ladan mai injin da zai daidaita maka fuska. Idan akwati biyu kawai kake so, ka yi samfuri ka kai gidan zubi, ya fi maka sauƙi da aminci. Duk yadda aka yi, kada kuɗin akwati ya sa ka sayi lasifika marar kyau. Akwati ba ya ƙara wa lasifika abin da ba ta da shi.

6. Haɗa mazubi

Na zubin sanyi hawa biyu ne: akwatin waje na falanki, da ɗan ciki wanda zai bar fili. Ka haɗa na waje da sukurori, ba da gam ba, don ka iya kwance shi. Ka toshe duk haɗin da gam ɗin silikon, ka ja yatsa a kai don gefen ya fito a zagaye. Ɗan cikin ka sassaƙa shi da farin soso, ka yanka masa kwari a inda kake son haƙarƙari, ka naɗe shi da tef mai santsi. Bayan zubi ta ramin lasifika za ka farfasa shi ka fitar.

Fuskar akwati ta kalli ƙasa a cikin mazubi, domin abin da ya kwanta a kan falanki mai santsi shi ke fitowa a shimfiɗe. Ka yanka faifan katako daidai girman ramin lasifika ka ɗaure shi a gindin mazubin, ka kafa noti masu gida a kewayensa daidai ramukan firam, ka toshe bakinsu da kaki. Ka bar ramin wayoyi a baya.

Gargaɗi: soso yana tasowa a cikin kankare da ƙarfin da ba ka zata ba. Ɗan ciki mai lita 10 zai tunkuɗo sama da ƙarfin da ya haura kilo 20. Idan ba ka ɗaure shi da sanda ta ratsa shi ba, zai gusa, bango ɗaya ya yi kauri ɗaya ya zama kamar takarda. Wannan ne kuskuren da na fi gani.

Gargaɗi na biyu: kada ka binne wani abu na alminiyum a ɗanyen kankare, siminti yana cin sa. Kuma idan gam ɗin foliyesta za ka yi amfani da shi maimakon ifoksi, ka sani yana narkar da farin soso.

Na alminiyum kuwa, kada ka yi ƙoƙarin zuba rufaffen akwati a zubi ɗaya. Ka raba shi biyu kamar ƙwarya da murfinta, gaba da baya, a haɗa su da noti daga baya. Samfurin na katako ne, a goge shi sumul a shafa masa fenti. Bangwayensa su ɗan karkata da digiri 2 ko 3 don ya fita daga yashi ba tare da ya rushe shi ba. Ka ƙara masa girma da wajen milimita 13 a kowace mita, domin alminiyum yana ƙanƙancewa idan ya huce, sannan ka ƙara milimita 2 ko 3 a duk fuskar da za a goge da inji.

7. Zubin kankare ko ifoksi

Ka auna komai da sikeli, ka rubuta. Akwati na biyu dole ya samu irin kwaɓin na farko, in ba haka ba nauyinsu da amonsu za su bambanta. Ma'auni mai kyau na farawa: siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 1. Girman tsakuwar kada ya wuce sulusin kaurin bango, wato milimita 6 ga bango mai santimita 2. Ruwa kuwa wajen giram 400 ga kowane kilo na siminti.

Kwaɓin zai yi maka kamar ya yi tauri, hannunka zai kai ga ruwa. Kada ka ƙara. Ruwan da ya wuce ƙima idan ya bushe ƙananan ramuka yake bari, kankaren ya yi rauni, iska ta riƙa ratsa shi. Ruwan sassauta kwaɓi shi ne maganin. Zaren gilashin a ƙarshe ake zuba shi, a juya a hankali.

Ka zuba kaɗan kaɗan ta gefe ɗaya, ka bar shi ya tura iska gaba. Bayan kowane zubi ka girgiza mazubin: ka buga gefensa da gudumar roba, ko ka danna masa injin samfefa marar takarda. Za ka ga kumfa tana tasowa. Idan ta daina, ka tsaya. Girgiza in ta yi yawa tsakuwa takan nutse ƙasa, ruwa ya taso sama.

Gargaɗi: ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da ka ji zafi da wuri ba. Safar hannu da tabarau dole ne.

Ka rufe da leda. Bayan kwana 2 ka kwance falankin, ka ci gaba da jiƙa shi a rufe har kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Na san jiran yana da wuya, amma kada ka ɗaura lasifika a akwati mai danshi. Faifan takarda zai sha damshin ya yi laushi, ƙarfen maganaɗisu ya yi tsatsa.

Idan ifoksi ne, yashi da tsakuwar su bushe ƙarau. Gam ɗin wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin gaurayen ya isa. Ka fara haɗa gam da abokin haɗinsa daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, sannan ka zuba dutse. Irin mai daskarewa a hankali za ka nema, domin mai sauri yana ɗaukar zafi idan ya taru da yawa. Wannan kwaɓin ba ya gudu kamar kankare, dannawa ake yi hawa hawa. Ka yi aikin inda iska ke wucewa.

8. Zubin alminiyum a yashi

Yashin zubi gaurayen yashi ne da bentonait wajen kashi 10 cikin ɗari da ɗan ruwa kaɗan. Gwajinsa a hannu yake: ka dunƙule, ya riƙe siffar yatsunka, ka karya shi ya rabu biyu tsaf, kuma bai jiƙa maka tafi ba. Ka tankaɗe na farko a kan samfurin, ka danna sauran da kyau. Ka yanka maƙogwaron zubi, wato ramin da narkakken ƙarfe zai bi ya shiga, ka bar wani rami mai faɗi a saman wurin da ya fi kauri don ya riƙe narkakken ƙarfe ya ciyar da wurin yayin da yake ƙanƙancewa, ka soka ramukan numfashi da siririyar waya.

Abin da za ka narkar yana da muhimmanci. Tsofaffin sassan da dama can zubinsu aka yi, kamar na jikin inji, suna ɗauke da sinadarin silikon da ke sa ƙarfe ya gudu ya cika lungu. Gaurayen da ake kira A356, mai silikon wajen kashi 7 cikin ɗari, shi ne sananne a wannan aiki. Gwangwanayen abin sha datti mai yawa suke bayarwa.

Gargaɗi: a cikin tarkace akan samu magniziyam, mai kama da alminiyum amma ya fi shi rashin nauyi. Idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi yake yi. Ka kankare jikin duk abin da kake shakka ka ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, ka ware shi.

Ka zuba a tsakanin digiri 700 da 750. Kada ka bar shi ya wuce haka ko ya daɗe a wuta, domin narkakken alminiyum yana shan iskar haidirojin, idan ya zo daskarewa ya amayar da ita ta zama ƙananan ramuka ko'ina a jikinsa. Ka kwashe dattin sama, ka zuba a tafi ɗaya ba tsayawa, bakin tukunya kusa da maƙogwaro, har ramin ciyarwa ya cika.

Gargaɗi mafi girma a duk wannan jagorar: ruwa ko ɗigo ɗaya idan narkakken ƙarfe ya rufe shi, fashewa yake yi ya watsa wuta. Ka gasa ludayi da awartaki da duk tarkacen da za ka saka. Kada ka zuba a kan daɓen siminti, ka shimfiɗa busasshen yashi. Kada ka sa tufafin roba. Kada ka yi aikin kai kaɗai.

Mutane suna cewa ƙananan ramukan da iska ke bari a jikin zubi suna kashe sauti. Gaskiyar ita ce ba ramin da kansa ake ji ba. Abin da yake jawowa ake ji: zaren noti da ya ci ramin ya sake, firam ya fara zuza, ko ramin ya ratsa bango iska ta riƙa fita tana shewa, ko akwati ɗaya ya fi ɗaya rauni.

9. Daidaita mazaunin lasifika

Ka yanke maƙogwaro, ka goge kaushi. Sannan ka mai da hankali kan zoben da firam zai zauna. Dole ya kwanta sumul. Idan yana da tudu, ɗaure noti zai murɗa firam ɗin, koyil, wato naɗin wayar da ke motsa faifan, ya fara gogar maganaɗisu, ka ji sauti yana ƙarce. Na alminiyum ka kai wa mai inji. Na kankare ka manna samfefa a kan gilashi mai kauri ka goga a jiƙe.

Gargaɗi: lasifikar ta yi nesa da wurin guga. Maganaɗisu yana janyo garin ƙarfe ya shige ratar koyil, kuma fitar da shi kusan ba ya yiwuwa. Ƙurar kankare kuma tana lalata huhu, ka sa takunkumi.

Cikin akwatin kankare ka shafe shi da ifoksi ko fenti mai kauri sau biyu, don ya toshe ƙofofin iska ya kuma hana ƙura. Idan ya bushe, ka toshe ramin waya ka cika shi da ruwa da kofin awo, ka ga ainihin litar da ka samu. Akwatunan biyu su zo kusa da juna.

10. Kashe amo

Amo iri biyu ne, maganinsu daban, kuma ana yawan rikita su. Akwai na bango, akwai na iskar ciki.

Na bango da abu mai nauyi da danƙo ake kashe shi: farantin robar butil ko na kwalta, irin wanda ake manna wa ƙofar mota. Ka goge maiƙo, ka manna a tsakiyar kowane fili tsakanin haƙarƙari, ka danna sosai kada iska ta rage a ƙasa. Mai siririn ƙarfe a bayansa ya fi aiki, domin robar tana murzuwa tsakanin tauri biyu ta mai da girgiza zafi. A akwatin alminiyum, ka sa siririyar roba a tsakanin gaba da baya kafin ka ɗaure su. Ita kaɗai tana rage amon sosai, kamar yadda ƙararrawa ke mutuwa idan ka dafa ta.

Na iska da audugar roba ko ulu ake kashe shi. A rufaffen akwati ka cika shi sakwa-sakwa, kada ka cusa. Soso ko auduga ba sa hana bango rawa, kwalta kuma ba ta hana iska kai da komo. Duka biyun ake sa wa.

11. Ɗaura lasifika ka gwada

Ka sa zoben soso ko roba tsakanin firam da akwati. Ka ɗaure noti a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, kaɗan kaɗan har su kama. Wayar ciki ka naɗe ta da soso don kada ta riƙa bugun bango. Ramin waya ka toshe shi da silikon.

Kafin ka haɗa da amfilifaya, ka taɓa wayoyin da batir mai bolt 1.5. Idan jan waya na kan ɓangaren batir mai alamar +, faifan ya turo waje. Lasifikan biyu duka su yi haka. Idan ɗaya ya juya, sauti mai kauri zai ɓace ka ɗora wa akwati laifin da ba nasa ba.

Sai gwaji uku. Na farko, ka ƙwanƙwasa kowane bango da gaɓar yatsa. Abin da kake nema gajeren "tuk" ne da ke mutuwa nan take. Inda ka ji "tin" mai jan wutsiya, ka ƙara roba a nan. Na biyu, ka dafa faifan da yatsu a kewayen tsakiya ka tura shi a hankali ka saki. A rufaffen akwati mai kyau za ka ji iska tana turo ka, faifan kuma ba zai faɗa ciki sakaka ba. Idan ya shige ba wata turjiya, akwai inda iska ke fita.

Na uku, ka sa manhajar waya mai fitar da sauti guda, ka fara daga 30 Hz ka hau a hankali zuwa 1,000 Hz, murya ƙasa ƙasa don kada ka ƙona koyil. Ka ɗora yatsu a bango kana tafiya da su. Inda ka ji bangon ya farka yana karkarwa, ka rubuta lambar da wurin. Zuza tana nuna noti ko waya, shewa tana nuna ɗigon iska, kuma za ka same shi idan ka bi haɗin da kunne ko da ɗan zaren auduga. Ka kwance, ka gyara abu ɗaya kawai, ka sake hawa daga 30 Hz ka ga ko lambar da ka rubuta ta yi shiru kafin ka taɓa na gaba.